Ranar da na tsaya bakin titi ina jiran mai rage mini hanya

Waɗanda suka yi cigiyata a makon jiya, na gani kuma na gode. Ba ciwo ne ya ɓoye ni ba, tafiya ce ta kama ni, kuma har yau sai na dafa bango nake iya miƙewa daga kan tabarma. Cinyoyina ba su yafe mini ba tukuna.

Kafin in ba ku labarin, bari in fara tona wa kaina asiri. Tun bayan ƙaramar Sallah babban yaron gidan nan, wanda ba zan kama sunansa ba, kun san dalili, yake bi na da magana ɗaya. Wai shi da abokansa suna so su je hawan dutse a Riruwai. Ya nuno mini bidiyo a waya: samari 'yan birni da jakunkuna a baya, sun jeru a kan tsauni, ruwa yana zubowa daga sama fari tas, wai a Zainabi ne, nan cikin jihar Kano. Na ce masa ban san abin da ya ajiye a kan dutse ba da zai je ɗaukowa. Ya ce, "Umma, motsa jiki ne da buɗe ido." Na ce in motsa jiki yake so, ga gonar babansa can tana jiran mai nome ta. Da na tambayi motar da za su hau, sai ya ce za su bi ta haya iya inda ta tsaya, sauran kuma Allah zai kawo mai rage musu hanya. A nan na rufe maganar. Shekara 19 ina faɗa wa yaro kada ya shiga motar wanda bai sani ba, sannan rana ɗaya ya zo ya ce mini da haka ya tsara tafiyarsa?

Ku yi mini uzuri, mu mutanen Kura ba mu san dutse ba. Ƙasarmu shimfiɗe take kamar faranti. Daga nan har Bunkure da Kadawa, in kika tsaya a kan gaɓar kanal, ba abin da zai tare miki ido sai bishiyar mangwaro. Tudun da ya fi kowane tsawo a unguwarmu shi ne tsibin ɓuntun shinkafa da ke bayan injin casa. Dutsen Dala kuwa sau ɗaya na taɓa hawansa, ina 'yar makaranta, shi ma da matakala.

Ana nan sai ga waya ranar wata Litinin da safe. 'Yar ƙanwata, wadda na riƙe tun tana shekara 6, na kuma aurar da ita bara, ta sauka. Mijinta malamin firamare ne, aiki ya kai shi wani ƙauye a bayan Riruwai, cikin ƙaramar hukumar Doguwa. Haihuwar fari ce, kuma da shirinmu shi ne a kawo ta gida goyon ciki, amma ni da kaina na ce a bari a fara yankan shinkafa mu ɗan sami abin hannu, tunda a lissafin asibiti da sauran mako uku. Jariri bai jira lissafinmu ba. Mijin ya kira ni daga asibitin cikin gari, ya ce an samu namiji, uwa da ɗa lafiya, gobe za su koma ƙauye. Muryarsa dai ba ta yi mini kama da ta mai murna zalla ba, amma ban tsananta tambaya ba.

Babansu yana tsakiyar girbi, ga 'yan ƙodago a gona, ba halin ya motsa. Sai ya dube ni yana murmushi ya ce, "Ga ɗanki nan ya raka ki. Dama ai dutse yake nema." Ban tanka masa ba.

Na haɗa kaya irin namu: shinkafa kwano 10 wadda na turara da hannuna, garin kunu, jar kanwa, yajin jego, daddawa, kuka, man shanu a kwalba, atamfa turmi biyu da kayan jariri. Daren Talata na tura wa surukin nawa saƙo ta WhatsApp cewa gobe muna tafe, ya tare mu a Riruwai da babur. Na ga alamar nan guda ɗaya mai ruwan toka ta tsaya ba ta zama biyu ba, na ce a raina zuwa safe za ta shiga. Wannan shi ne kuskurena na biyu. A ƙauyensu babu sabis. Sai mutum ya hau wani fa a bayan makaranta ya ɗaga waya sama kafin saƙo ya shigo, shi kuma mai sabon jariri ina ya ga lokacin hawa fa?

Mun bar Kura bayan sallar asuba. Hanyar Zariya kowa ya san ta: Kadawa, Kwanar Gafan inda ake lodin tumatir da rani, Ciromawa, sai Kwanar Dangora. A nan muka sauka muka jira wata motar ta cika, muka ratse zuwa Tudun Wada. Daga Tudun Wada kuma muka sake wata, muka shiga dajin Falgore.

Wadda ba ta taɓa ratsa Falgore ba, ba za ta gane shirun da ake yi a mota ba. Daji ne na gwamnati tun zamanin Turawa, da can ana ce masa gandun Kogin Kano, girmansa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, kuma titin da ke zuwa Saminaka da Jos ta tsakiyarsa ya bi. Shekarun baya ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu da masu tare hanya, har a 2017 sojoji suka mayar da wani ɓangarensa filin atisaye. Mun wuce shingayen jami'an tsaro, mun wuce lafiya, amma na lura duk surutun da ake yi tun daga tasha ya ɗauke. Wata tsohuwa kusa da ni carbi kawai take ja. Direban ya ce shi ƙa'idarsa ɗaya ce, ba ya shiga dajin nan in rana ta yi sanyi, ko nawa za a ba shi. Na riƙe wannan magana.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ya sauke mu a mararrabar da ake ratsewa zuwa Riruwai, ya yi gaba abinsa. Rumfar mai rake ɗaya, mai faci ɗaya, sai mu da buhunmu. Mai facin ya ce da jiya muka zo da mun samu mota, yau ba ranar kasuwa ba ce, 'yan acaɓan ma duk sun tafi karyar masara. Na kira surukina, waya ta ce ba a samunsa. Na kira har sau biyar.

To 'yan uwa, ga ni nan, ni mai wa'azin kada a shiga motar baƙo, zaune a kan buhun shinkafa a bakin titi ina leƙen hanya. Yaron nan bai ce mini komai ba. Da ya yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Mun fi awa ɗaya a wurin. Mota ta farko da ta tsaya ƙarama ce ta gida, mai baƙin gilashi, maza biyu a ciki. Na gaban ya sauke gilashi ya yi sallama da ladabi, ya ce in Riruwai za mu, mu shigo. Wataƙila mutanen kirki ne, kuma in haka ne Allah ya ba su ladan niyyarsu. Amma na dubi mai faci na ga shi ma kallon baƙi yake yi musu, sai na ce mun gode, muna jiran wani ne. Da suka tafi yaron ya ce, "Umma, kin san fa ba wanda muke jira." Na ce na sani.

Ta biyu a-kori-kura ce, tsohuwa, an ɗaure ƙofarta da igiya. Sunan nan dai kullum yana ba ni dariya, tunda ni 'yar Kura ce kuma ba wanda ya kore ni. A bayanta akwai damin buhunan wofi, mata uku da goyo, da wani dattijo riƙe da akuya. Tun kafin ta gama tsayawa mai faci ya ɗaga hannu ya kira direban da laƙabinsa, suka hau tsokanar juna a kan wani bashin iska da aka sa wa taya. Wannan ne ya kwantar mini da hankali, fiye da fuskar direban. Mutumin da mai faci ya san shi, mai rake ya san gidansu, mata suka yarda suka hau bayansa da 'ya'yansu, ba zai ɓace da ke a rasa wanda za a tambaya ba. Ban ce wannan hujja ce da ba ta kuskure ba. Masu fashi a mota a Abuja, waɗanda ake kira 'yan wan cans, har mata suke sakawa a ciki don a saki jiki. Amma birni daban, ƙauye daban. A birni ba wanda ya san kowa. A irin wannan mararraba kuwa, motocin da ke bin hanyar ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma duk an san masu su.

Duk da haka, kafin in hau sai da na sa yaron ya ɗauki hoton lambar motar ya tura wa babansa, tun da sauran sabis. A gaban direban aka yi, ban ɓoye ba. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ki ɗauke ni ni ma, in ya so a ga kyakkyawa." Ya tashi yaron motarsa daga gidan gaba ya ba ni wurin, nawa yaron kuma ya haye baya tare da akuya.

"Ina zuwa da wannan kaya haka, Hajiya?"

"Barka za ni, Malam direba. 'Yata ce ta haihu."

Da na faɗi sunan ƙauyen sai ya juyo ya dube ni, ya dubi silifas ɗin da ke ƙafata. Ya ce, "Matar malamin makaranta? Wadda aka sauko da ita ranar Lahadi?" Na ce wane irin saukowa? Sai ya ce a'a, ba komai, ai an samu lafiya. Ya kama zancen tsadar taki.

Tun daga nan ƙasa ta fara canjawa. Duwatsu suka taso ta gabanmu, baƙaƙe, wasu da bishiyoyi har ƙoli, gonakin masara sun bushe a gindinsu. Iska ta yi sanyi kamar an shiga watan hunturu. Kura ba ta fi mita 500 daga doron teku ba, su kuwa tsaunukan Riruwai sun haura 1,000, nan ne ƙasar Kano ta fi tudu. A wani hawa mai tsawo motar ta yi ta kuka, ta yi tari, ta mutu. Kafin in gama salati yaron mota ya diro da weji ya cusa a bayan taya. Aka ce kowa ya sauka. Maza suka tura, mu mata muka bi a ƙafa har kan tudun, a nan na fara jin numfashina yana fita da ƙara. Ashe somin taɓi ne.

A Riruwai na kwance bakin zanina na miƙa wa direba kuɗi. Ya ƙi karɓa. Na matsa, ya ce, "Ai dama nan za ni ɗaukar masara, ba ki ƙara mini ko lita ɗaya ba. Ki saya wa jariri sabulu." Sai yaron motar na damƙa wa na goro. Na daɗe ban ji kunya irin ta ranar ba, don awa biyu da suka wuce lambar motarsa nake turawa gida kamar wadda ta ga ɓarawo. Amma ko yau aka sake, zan sake turawa. Shi ma bai ji haushi ba.

Riruwai tsohon gari ne, kuma shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa. Tun kafin zuwan Turawa ake haƙar kuza a nan ana narka ta, fatake suna kai wa kasuwar Kano. Daga baya kamfanoni suka zo, har aka yi mahaƙa ta ƙarƙashin ƙasa, wadda aka rufe a shekarun 1980. Abin da ya rage, ban da tsofaffin gine-gine, shi ne ramukan da ruwa ya cika. Na ga ɗaya a gefen hanya, ruwansa kore shar, kwance lumui, ya yi kyau kamar a hoto. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni ya ce su 'yan gari ba sa wasa da irin waɗannan, don ba a san zurfinsu ba, kuma gaɓarsu a tsaye take, in mutum ya zame ba inda zai dafa. Baƙi ne ke ganin su su ce za su yi wanka. Na juya na tabbatar yarona ya ji.

Mun yi azahar, muka samu babura biyu. Ba mu yi minti 20 ba suka tsaya. Ruwan ƙarshen damina ya cinye wani kwalbati, ya bar rami ya fi tsayin mutum, rafi yana gudu a ƙasa. 'Yan acaɓan suka ce iyakarsu ke nan. Ɗaya ya nuna mana wata 'yar hanya da ta bi ta tsakanin tsaunuka biyu, ya ce in muka haye wancan wuyan, ƙauyen yana gangare. "Ba nisa, Hajiya. Nan ne." Ku kiyayi "nan ne" ɗin mutumin dutse.

Yaron ya ɗora buhun shinkafa a ka, ya rataya jaka, ya bar mini ƙullin atamfa kawai. Muka tsallaka rafin ta kan duwatsu, muka fara hawa.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba tsayin ne ya fi ba ni wahala ba, tsakuwa ce. Silifas yana zamewa, yatsa yana bugun dutse, hijabi yana kama ƙaya. Kafin rabin awa igiyar silifas ɗaya ta tsinke. Ya sauke buhu, ya ɗaure mini ita da leda, ya shiga gefe ya karyo mini sandar gora, bayan ya bubbuga ciyawar da ƙafar takalminsa, wai lokacin kaka ne, macizai suna yawo. Ya ce in riƙa taku gajere, kada in zauna in na gaji, in tsaya a tsaye in jingina da sanda har numfashi ya dawo, kuma in riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Na ce a ina ka koyi wannan? Ya ce, "A bidiyon da kika ce ɓata data ne."

Sau uku ina ganin ƙoli ina cewa alhamdu lillahi, in mun isa sai in tarar da wani tudun a bayansa. Hangen Dala ba shiga birni ba, a ranar na san ma'anarsa da gwiwoyina. Wata Bafulatana ta taho daga bayanmu da ƙwarya uku a ka, goyo a baya, ta gaishe mu, ta wuce kamar a tsakar gida take tafiya. Ta ɗan yi gaba sai ta dawo, ta karɓi ƙullin atamfar daga hannuna ta ɗora a kan ƙoren, ba tare da ta tambaye ni ba. Ta ce za ta ajiye mini a gidan malam. Ban san sunanta ba, ba ta san nawa ba, na bar mata turmi biyu ta tafi da su. Na same su a can, ko kullin ba a taɓa ba.

A wuyan dutsen muka tarar da wani dattijo yana hutawa da gatarinsa. Muka gaisa, ya tambayi daga ina. Da na ce Kura, sai ya nuna wani siririn ruwa da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin fa yana gangarawa. Ya ce, "To 'yata, ga ruwanku nan. Mu muke sallamo muku shi." Na ɗauka wasa yake, ashe gaskiya ce. Rafukan wannan yanki ne suke haɗuwa su zama Kogin Kano, ya ratsa Falgore ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Daga Tiga ake sako shi ta babban kanal, ya biyo ta Ruwan Kanya, ya rarrabu a gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. Shinkafar da yarona ya hau da ita a ka, da alkamar da za mu shuka in sanyi ya shigo, da tumatir ɗin Kwanar Gafan, duk da wannan ruwa suke rayuwa. Shekara 22 ina aure a bakin kanal, ban taɓa tambayar daga ina yake ba. Na tsuguna na wanke fuskata da shi. Na ce, "Baba, mun gode." Ya ce, "Ku dai riƙa rage mana kuɗin shinkafa."

Mun shiga ƙauyen rana tana shirin faɗuwa, awa biyu da ɗoriya daga kwalbatin.

Sai da dare, bayan na yi wa mai jego wanka na ba ta kunun kanwa, maƙwabciyarta ta ba ni labarin da direba ya haɗiye. Naƙuda ta fara ne daren Asabar. Ungozoma ta zauna da ita har asuba, abu ya ƙi gaba. Da gari ya fara wayewa aka yanke shawarar a tafi asibiti. Babur ba ya iya hawa wuyan nan da mai naƙuda, ga kwalbati a karye. Sai maza huɗu suka ɗaura zannuwa a jikin itace biyu, suka kwantar da ita, suka hau da ita hanyar nan da na bi, suka gangara, suka tsallaka rafin da ita a kafaɗa. A can gefen aka samu babur, aka zaunar da ita a tsakiya, wata mata ta riƙe ta ta baya. Maƙwabciyar ta ce a kan hanya sau biyu tana daina amsawa.

Na kasa cin tuwon da aka kawo mini. Ni da ƙullin atamfa kawai na bi hanyar nan ina kuka da gwiwa. Yarinyar da na yi wa kitso, na kai makaranta, ita aka bi da ita a kan itace, saboda na ce a jira kuɗin shinkafa.

Ma'aikatan lafiya suna maganar jinkiri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mu da ke bakin titin Zariya mun fi sanin na farko da na uku, su muke ta ƙorafi a kai a wannan shafi. Na tsakiyan ban san shi ba sai da na taka shi. A wasu jihohin Arewa, irin su Jigawa, an yi tsarin da direbobin ƙungiyar NURTW ke sa kansu su kai mai naƙuda asibiti ko da tsakar dare, kuma tsari ne mai kyau. Amma direba iyakarsa inda taya ta tsaya. Daga nan sai kafaɗar maƙwabta.

Don haka abin da zan ce wa duk wadda take da 'ya ko ƙanwa a irin wannan wuri: kada ki yi lissafi da ranar da aka rubuta a katin awo, musamman a cikin fari. Da wata na takwas ya kama, a sauko da ita inda mota ke zuwa, ko gidanku ko gidan wani ɗan uwa a cikin gari. Iyayenmu da suka ƙirƙiro goyon ciki ba don shagwaɓa suka yi ba. In kuma ba yadda za a yi ta taho, to tun da wuri a san wane ne mai babur ɗin da za a tasa, a ajiye kuɗin mai a gefe kada a taɓa, a kuma san waɗanda za su ɗauka in hanya ta yanke. Muna binciken asalin miji da sana'arsa kafin mu ba da 'ya. Ni ban taɓa tambayar yadda ake fita daga garinsu da daddare ba.

Kwana biyar muka yi. Yaron nan ban gan shi sosai ba. Ya bi samarin ƙauyen karyar masara, ya bi su aikin gayyar da suka yi na cike ramin kwalbatin da duwatsu don babur ya samu wucewa kafin suna, kuma ranar Juma'a suka kai shi ya ga ruwan nan mai zubowa daga kan dutse. Ya dawo yana ba ni labarin sun haɗu da wata bas cike da samari da 'yan mata daga Kano, kowa da waya a sama. Wata mata da ke sussukar masara kusa da mu ta ce, "Ikon Allah. Su kuɗi suke biya su zo su sha wahalar da mu muke roƙon a raba mu da ita." Muka yi dariya. Amma ta ƙara da cewa tana son zuwansu, don in sun zo ana sayen gyaɗa da rake, yara kuma suna samun na rakiya.

A hanyar dawowa ne na ce masa na janye. In ruwa ya ɗauke sosai, ya je da abokansa. Ba don na daina tsoro ba. Na dai ga cewa wanda ya ɗaure mini silifas ya kuma hau da kwano 10 a ka bai yi ƙorafi ba, ya wuce a ce masa "ba za ka ba" kawai a juya baya. Amma na kafa masa sharuɗɗa, kuma na sa ya maimaita su a gaban babansa. Falgore da rana za a ratsa shi, zuwa da dawowa, ko da hakan na nufin su kwana a Riruwai gidan surukina. In sun isa, su fara gaida mai unguwa su nemi ɗan gari ya yi musu jagora, su biya shi. Ba shiga ramin kuza, ba tsayawa a cikin rafi in an ga hadari a kan dutse, don ruwan da aka yi a sama yana iya saukowa ko da inda kake rana ake yi. In maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba ɗaure wurin tamau, a ɗauke shi kada ya taka, a nufi asibiti.

Maganar rage hanya kuwa, a nan muka fi daɗewa. Na ce na yarda da irin wadda muka hau: motar da 'yan wurin suka san mai ita, da rana, su biyu ko fiye, lamba ta iso wayata kafin taya ta juya. Abin da ban yarda da shi ba, ko zai kwana a bakin titi, shi ne hawa saman tirela ko kan lodin buhuna. Duk wadda ke zaune a Kura ta ga yadda samari ke ɗarewa kan motocin kaya in za su Kudu, don ya fi araha, kuma duk mun ji abin da ke faruwa in irin wannan mota ta faɗi. Ya ce, "Umma, ai ni ma ina son raina." Na ce na sani, amma ka faɗa da bakinka.

Mun taho da mai jego ranar Litinin, washegarin suna, wadda ta dace da ranar da motoci ke shiga. Mijinta ya goya ta a babur a hankali ta wata hanya mai zagaye da gyaran kwalbatin ya buɗe, ni kuma na sauko a ƙafa, jaririn yana bayan maƙwabciyar nan don ba su yarda da gwiwoyina ba, kuma suna da gaskiya. Saukowa ta fi hawa cin ƙafa, wannan ma ban sani ba sai ranar. Yanzu haka tana ɗakina za ta yi arba'in, ga kukansa nan ina ji.

Shi kuma babban ya kawo mini lissafin takalmin kambas da jakar baya. Babansu ya ce sai an sayar da shinkafa. Masu karatu da ke Doguwa da Tudun Wada, ku taimaka ku rubuto mini a ƙasa: in mace ta tashi haihuwa da daddare a ƙauyukanku na kan dutse, yaya kuke yi, kuma wa kuke kira?